Umarar Mahaifiyar Injiniya

'Yata ce ta karanto mini labarin a wayarta, muna shan shayi a gidanmu na unguwar Sa'alaba. Wai majalisar wata ƙasar Turai na son gyara dokar cin hanci, yadda kamfanin da ya biya wa dangin jami'in wata ƙasa kuɗin tafiya ma zai shiga hannu.

"Baba, sai yanzu suka farka?" ta ce tana dariya.

Ni kuwa na ajiye kofin, na tuna wani abu da na taɓa yi.

Lokacin ina da ƙarfina direba nake a Abhur, ba nisa da Makka. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a nan, dillalin injinan ban-ruwa ne na wani kamfanin Turai. Gwamnatin ƙasarmu ta haihuwa ta turo wani injiniya ya duba injinan kafin a saya. Ya duba, ya ce tsofaffi ne aka shafa wa fenti. Aka miƙa masa ambulan, ya ture ta da bayan hannu.

Ni nake kai shi masauki. Bahaushe ne kamata, sai hira ta yi daɗi. A hanya ya ce mini, "Yaya, ga ni kusa da Makka, Inna kuwa ƙafafunta sun mutu, ba ta taɓa ganin Ka'aba ba."

Washegari na tarar da kafili yana ta faɗa, ciniki zai lalace. Ba wanda ya tambaye ni. Neman shiga kawai ya sa na ce, "Wannan ba ya cin kuɗi. Kawo mahaifiyarsa Umara."

Ya dafa kafaɗata. "Halas, shi ke nan! Ashe kana da kai, ya direba."

Aka ce wa injiniya sadaka ce. Tsohuwa ta zo, ni da kaina na tura kekenta a ɗawafi, tana kuka, ɗanta na biye da mu kansa a ƙasa. Kafin su koma ya sa hannu a takardar sayen injinan.

Injinan ba su kai girbi ba. Gonaki suka bushe, aka kori injiniya daga aiki, sunansa ya ɓaci.

Bayan shekaru na gan shi a nan unguwar Ruwais, yana gadin wani bene, ya yi furfura. Na tsaya na gaya masa daga bakin wa shawarar ta fito. Na ce ya yafe mini.



"Inna ta rasu tana sa maka albarka, Yaya," ya ce. "Ni dai ban kai nan ba tukuna."

Wata mota ta yi oda, ya tashi ya buɗe mata ƙofa.