Ƙirgen da Ya Tsaya a Tara

Shekara talatin Ezell Tolliver ya yi yana haƙa kabari a maƙabartar farar fata ta garin Tallow Creek, a jihar Mississippi. Da hagu yake riƙe shebur, domin yatsun damansa sun lanƙwashe kamar ƙafar kaza. Yaran yanzu ba su san abin da hannun nan ya taɓa yi ba.

A shekarar 1927 shi ne zakaran damben baƙar fata na gundumomi huɗu. Ranar Asabar, in an tashi daga cirar auduga, mutanenmu kan cika rumbun da ke bayan coci, ana soya tarwaɗa a bakin ƙofa, mata da hulunansu na Lahadi, ana kallon yadda yake kayar da ƙarti. Kai, an yi zamani.

Da kaka ta yi, masu bikin gunduma suka haɗa shi da Dub Hollis, gwanin fararen fata, don a koya masa hankali. Baƙaƙe na bayan igiya, cikin rana. A turmi na uku Ezell ya zabga wa Dub dama a haɓa, ya zube kamar buhu. Alƙalin wasa, Mista Purvis Gaines, ya soma ƙirga. Da ya kai tara sai ya yi shiru, ya ciro hankici yana goge tabarau a tsanake, har aka yayyafa wa Dub ruwa aka ɗaga shi. Aka ce dukan Ezell ya saɓa ƙa'ida, aka ba Dub nasara. Kafin faɗuwar rana mutum biyar suka tare Ezell a bayan injin gurzar auduga, suka ɗora hannun damansa a kan uwar maƙera, suka sauke masa guduma.

Matarsa Verlene ta ce su koma Chicago wurin ƙanwarta.

"Ba inda za ni," in ji shi. "Akwai kalma ɗaya da ta maƙale a bakin Purvis."

"Kai dai taurin kai kamar alfadari! Fasto ya ce ramako na Ubangiji ne."

"Na ji. Amma Ubangiji ma yana da 'yan aike, wasu da shebur."

Duk sanda suka haɗu a titi, Ezell kan sauka daga dakalin gefen titi ya ba Purvis hanya, ya tuɓe hula. Purvis ya ce, "Yaro, ya hannun?" Shi kuma ya ce, "Yana nan, yallaɓai."

Purvis bai taɓa faɗar kalmar ba. Ya mutu a watan Maris na 1958, aka kai shi ranar Laraba, sha biyu ga wata.

Al'adar wurin ita ce masu haƙa su tsaya can bayan itatuwa, hula a hannu, kada su taɓa ƙasa sai motar Bature ta ƙarshe ta fice. Rannan, limamin cocin Turawan na cewa Amin, Ezell ya ɗauki shebur. Abokin aikinsa Cato Reese ya riƙe masa riga.

"Ɗan'uwa Ezell, ka haukace? A bishiyar nan za su rataye mu!"

Ya fizge, ya ratsa cikin jama'a da hularsa a kai. Ya ɗebi jar ƙasa ya watsa a kan akwatin.

"Ɗaya!"

Ya sake ɗiba. "Biyu!"

Mamaki ya daskarar da kowa. Tsofaffin cikinsu sun gane, suka sunkuyar da kai. Da ya kai tara sai ya tsaya, ya ciro hankici da gurguwar damansa, ya share fuska a tsanake. Sa'an nan ya dubi Dub Hollis, wanda yanzu ya yi tumbi yana da kantin ƙarafa.

"Mista Dub, ko za a kawo ruwa a ɗaga shi?"

Dub ya kawar da kai.

"Goma!" in ji Ezell. Ya soke shebur a ƙasa, ya fita ta babbar ƙofa, wadda bai taɓa bi ba.

Bai jira su farfaɗo ba. Ya tarar Verlene a tasha da akwati biyu, don tun da ta ji labarin mutuwar ta ɗaure kaya. Jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu ya ɗauke su zuwa arewa.

"To, zakara," ta ce, tana miƙa masa gurasar masara, "ka ci damben?"

"Na ci. Bai tashi ba."

Ezell ya rasu a Chicago a 1966, bai sake taka Mississippi ba.