Marmarar tsohuwar hanya da rumbunan Baffana

Assalamu alaikum, Edita. Shekara bakwai da suka wuce ni matashi ne mai amalanke da bijimai biyu a wani ƙauye tsakanin Dantchiao da Dungas. Ba zan faɗi sunansa ba, don duk wanda ya san wurin zai gane ni. A lokacin zama ba ya kama ni. Da an gama girbi sai in ji gari ya yi mini ƙunci, in yi ta neman abin da zan taɓa. Mutane na yaba mini da zafin nema, ni kuwa ina jin kaina kamar na fi kowa wayo.

Bayan ƙauyenmu akwai tsohuwar hanya. Tsofaffi sun ce tun zamanin Nasara aka yi ta, ta taso daga Magarya ta bi ta gefen Dantchiao, ta zagaye fadamarmu, sannan ta miƙe gabas zuwa Dungas. Kakanninmu ne suka yi ta ɗaukar marmara a kwanduna bisa kai, aikin tilas, har ta yi tudu a inda ta ratsa bakin fadama. Ta nan manyan motocin kaya, wato kamiyo, ke kwasar gyaɗa. Daga baya aka fitar da wata hanyar ta can nesa da mu, motoci suka koma can, tamu ta zama ta awaki da masu zuwa itace. Ni dai ban ga komai a jikinta ba sai jar marmara tana kwance ba mai ita, ga masu gini a Dungas suna nemanta ido rufe.

Na fara haƙa da rani, daidai wurin tudun, don nan ta fi kauri. Baffana, ƙanen mahaifina wanda ya riƙe ni bayan rasuwarsa, ya tako da sandarsa har wurin. Ya ce mini in bar wannan gefen, in ma dole ne in koma gaba inda ƙasa ta daidaita, domin tudun nan shi ke tare ruwan fadama tun kafin a haife shi. Na amsa da ladabi, na ce to Baffa. Yana juya baya na yi dariya a raina, na ce tsoho yana kewar ƙarar kamiyo ne kawai. Na ci gaba, kullum sawu biyu, wani lokaci uku. Kafin damina na yanke hanyar gida biyu, na bar giɓin da amalanke zai iya wucewa.

Ruwan ya zo cikin watan Agusta, ranar kasuwar Dungas, bayan azahar. Ina can ina sauke kaya hadari ya haɗu. Kafin in iso gida fadama ta cika ta bi ta giɓin nan kai tsaye, ta sauka kan rumbunan Baffa guda uku da ke ƙasan hanyar. Na tarar da biyu sun zube, na ukun ya jiƙe har wuya. Mata na tsamo zangarniyar gero cikin laka, shi kuma yana tsaye ruwa har gwiwa. Hatsin shekara biyu ne, har da irin da yake ajiyewa tun na mahaifinsa.

Na so ya zage ni, wallahi na so. Bai yi ba. Da mai gari ya ce a kai maganar meri, wato ofishin hukuma, sai ya ce ba zai kai ɗansa ƙara ba, a bar shi da Allah. Abin da ya karya ni shi ne bayan mako biyu, da na hango shi a kasuwa tsugune gaban mai awo yana tambayar kuɗin tiya. Mutumin da bai taɓa sayen hatsi ba tun da aka haife shi, wanda maƙwabta ke zuwa wurinsa idan damina ta yi tsawo. Na ɓuya bayan rumfa kamar ɓarawo.

Na sayar da bijimi ɗaya na kai masa gero, ya karɓa ya yi godiya, godiyar da ta fi mari zafi. Irin nan kuwa ya tafi ke nan, ba a samunsa a kasuwa. Giɓin na cika shi da yashi da buhuna, kowace damina ruwa ya kwashe, in sake. Abin da mutum ɗari suka daddale da ƙafa ba ni kaɗai zan mayar ba. Har yau da na ga gabas ta yi baƙi ba na iya zama, ko abinci nake ci sai in tashi in nufi bayan gari.

Abin da na koya shi ne, don motoci sun daina bin hanya ba ya nufin ta daina aiki. 'Yan'uwana masu amalanke da masu yin bulo, kafin ku sa diga a tsohon abu ku tambayi wanda ya girme ku, kuma in ya faɗa ku ji. Baffa ya rasu bara. Ya yafe mini tun a ranar, amma har ya koma ga Allah geron kasuwa yake ci.