Takardun Gidan Gandu a Cikin Leda

Tun yana aiki a gidan waya ake kiransa Akawu, har ya yi ritaya sunan bai sake shi ba. Mutum ne mai tsari har ya yi yawa, ko rasit ɗin burodi sai ya goge masa ƙura. Shekara talatin ya yi yana bin takardun gidan gandu, tsohon gidan masu sarauta da ke bayan gari, wanda yanzu jemagu ne suka gaje shi. Jikokin gidan sun watse, ba wanda ya damu, sai shi da bai haɗa ko kaka da su ba.

Ya bi tsofaffin direbobi da masu gadi, ya sha zagin karnuka, ya tono wasiƙu da taswirar gonaki daga ƙarƙashin katifun mutane. Da gara ta ci masa wasiƙa ɗaya, sai ya sayo injin liƙe takarda a leda. Duk takardar da ke da hatimin mai gandu sai ta bi ta cikin injin nan, ta fito da zafi tana ƙyalli. Tarkacen ma'aikata kuwa, irin su littafin karɓar makulli da jerin kayan wanki, ya cusa su a buhu bayan ƙofa, wai ba su kai a ɓata musu leda ba.

Matarsa ta yi mita har ta gaji. Katan goma sha huɗu sun cinye ɗakin baƙi, ƙanwarta in ta zo sai dai ta kwana a falo. Da ɗansu ya ce su tattaro su koma wajensa, ɗaki ɗaya tak zai ba su, dole takardun su sami wurin zama ko su tafi bola. Akawu ya sa rigarsa ta fita kunya, ya ɗauki hayar mota zuwa gidan adana tarihi.

Jami'ar da ta karɓe shi ta buɗe katan na farko, ta buɗe na biyu.

"Baba, wa ya liƙe su haka?"

"Ni da hannuna," in ji shi, yana gyara zaman hula.

Ta yi masa bayani a hankali cewa zafi da gam sun riga sun kama tawadar, takardun suna lalacewa a ciki, ba za su iya karɓa ba. Ransa ya ɓaci, ya ce yarinyar da ba a haifa ba lokacin da ya fara aikin nan ita za ta koya masa. Sai ta jawo buhun tarkacen nan da direba ya sauke bisa kuskure. Nan ta sa safar hannu, ta kira abokan aikinta biyu. Buhun kaɗai suka karɓa, har da godiya.

Ya dawo gida da katan ɗinsa, takaici ya hana shi cin abinci. Ya ce wa matarsa ai abin da ya liƙe zai iya ɓarewa. Ya zaɓi wasiƙar da ya fi so, wadda mai gandu na farko ya rubuta da hannunsa, ya sa reza a gefe, ya ja ledar a hankali. Rubutun ya biyo ledar, takardar ta rage fara fat a kan cinyarsa.