Rigar Sanyi a Bakin Inji

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Talatar da belin inji ya cafke hannun rigata. Ku sababbin zuwa, gara ku ji daga bakina kafin a ce muku Nafisa mai gyangyaɗi ce.

Tun ina sakandare likita ya ce wata ƙwaya a maƙogwarona, wai ita tayirod, ba ta aiki yadda ya kamata. Kullum da safe sai na sha magani, har iya rayuwata. Da na kama aiki a wannan ƙungiya tamu ta mata masu sarrafa waken suya a Kazaure, sai maganin ya daina yi mini aiki. A ɗebi jini a asibiti, a ƙara ƙarfin maganin, in koma, a sake ƙarawa. Fuskata ta kumbura, ga barci, ga sanyi ko a tsakiyar bazara.

Ƙa'idarmu a lokacin, mai tsayawa a inji ita ke ɗanɗana madarar waken da ta fara fitowa kafin ta karya, don ta gane ko waken ya yi tsami. Ni kuwa da isowata sai in haɗiye maganina, in kora da kofin madara.

Ran nan kowa na gumi, ni ina sanye da rigar sanyi mai faɗin hannu. Idona ya ɗan rufe. Sai ji na yi an fizge ni. Shugabarmu, Hajiya Kulu, ita ta ruga ta kashe injin. Rigar ta yage har kafaɗa, fatar hannuna ta saluɓe.

A hanyar asibiti, cikin Keke Napep, ta ce, "Ke Nafisa, daga nan sai gida. Ba zan kai wa uwarki hannunki a leda ba."

Na ce, "Hajiya, ba zan zauna a gida ba."

"Da ni kike?"

"Ki yi haƙuri, da ke nake. Barcin nan ba lalaci ba ne."

Bayan an ɗaure ciwon, likita ya tambaye ni da me nake kora maganin. Na gaya masa. Ya riƙe kai, ya ce waken suya na hana jiki ɗaukarsa. In riƙa sha da ruwa zalla, in ba da tazara sosai kafin madara ko awara.

Hajiya ta ce, "To, magana ta ƙare. Mai inji dole ta ɗanɗana. Ki koma wankin robobi."

Na ce, "Hajiya, da hannu nake niƙa. Harshe kuwa, kowa a ɗakin nan yana da shi."

Ta harare ni. Ta ce sai dai in koma tace madara har barcin ya ragu, kuma na yarda. Ranar da na koma inji, sai ta zo ta ɗauki kofin da kanta ta kurɓa, ta ce, "Ya yi. Niƙa mana, mai bakin tsiya."

Ban warke ba. Sakamakon jinina har yanzu hawa da sauka yake, kuma ina jin tsoro. Abin da na koya shi ne, ƙa'idar aiki mutane suka kafa ta, suna iya gyara ta in aka tsaya musu. Ku naɗe hannun riga. In aka miƙo mini kofin safe, ku karɓa. Injin dai ba zan bari ba.