Yaɗiya a gidan sarkin noma

Shekarun da aka samu mulkin kai, gyaɗa ta cinye dajin ƙauyenmu da ke gabas da Gazawa. Maza sun sassabe komai, har yaɗiyar da mata ke tsinka a bakin hanya sai an yi tafiya mai nisa. Ni kuwa ina goyon ɗan fari, nono ya ƙi zuwa. Ungozoma ta ce in dinga cin kwaɗon yaɗiya.

Da na gaji da yawon daji, sai na haƙo saiwa guda na dasa a gindin danga, bayan ɗakina, ina ba ta ruwan wanke-wanke. Ta kama. Reshen da na yanke na soka a ƙasa duk ya bushe, sai na koma lanƙwasa shi yana jikin uwar, in binne gaɓa guda, in danne da tsingaro. In ya yi saiwa in raba su. Kafin rani ya yi nisa ta naɗe dangar, har ta leƙa waje. Ɗacinta ba a magana, amma nono ya fara tsattsafowa, yaron ya rage kuka.

Leƙawar nan ce ta jawo. Surukina sarkin noma ne, mutumin da aka taɓa yi wa kiɗa saboda yawan dammansa, yaɗiya kuwa cimar yunwa ce. Wani ya tsokane shi a kasuwa, wai ashe rumbu ya yi ƙasa.

Ya shigo da gatari. Bai dube ni ba, don suruki ba ya magana da matar ɗansa. Uwar mijina ya tambaya.

"Wa ya shibka muna wagga tsiya cikin gida? Mi za a ce da mu?"

"Wallahi, Malam, hitowa ta yi," in ji ta.

Ina tsaye da yaron a baya. Kalma ɗaya ta isa, na san ba mugu ba ne. Amma yaya zan ambaci nono gaban suruki, kuma a kan ɗan fari, wanda ko sunansa ba na faɗi? Uwar mijina ma ba ta gaya masa amfaninta ba. Ya sare, ya tono har saiwar. Har yau ina jin haushinmu mu duka uku.

Nono ya ɗauke. Muka koma ba yaron kunu da madarar akuya, cikinsa ya ƙi karɓa. Bai ga damina ba.

Ranar da aka kai shi makwancinsa ban yi kuka gaban mutane ba. Matan da suka zo gaisuwa suka yi ta yaba kunyata.