Inna Pyo, Nas Ɗin da Ta Mayar da Allo Sifili

Ƙarfe shida da rabi na safe Pyo Mal-sun take buɗe ɗakin shan magani na ma'aikatar ƙera jiragen ruwa. Sai ta ɗora shayin sha'ir, ta jera bandeji, ta tsaya bakin ƙofa tana kallon masu shigowa. Ba gaisuwa take jira ba, mai ɗingishi take nema. Shekara talatin da ɗaya tana wannan tsayuwa, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Masu walda da masu fenti duk Inna suke ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Bakinta ba ya da linzami. Ka zo mata da ƙuna ka ce ai ba komai, za ta ce, "To, tunda ba komai, kawo in sa maka gishiri." Tana faɗa tana wanke ciwon a hankali. Ƙwayar ƙarfen da ta cire daga idanun mutane kuwa ta isa a ƙera ƙaramin kwalekwale.

Amma abin da ya sa ta cancanci jinjina ya faru ne shekara shida da suka wuce. A bakin get akwai allon nan da ake ƙirga kwanakin da aka yi ba hatsari. In ya kai dubu, kamfani ya gasa wa kowa nama, a ɗauki hoto. Ranar da ya kai ɗari tara da casa'in da bakwai, wani mai walda, Bang Deok-su, ɗan shekara hamsin da huɗu, ya faɗo daga kan tsani, kafaɗarsa ta dama ta wargaje. Abokan aikinsa suka shigo da shi ta ƙofar baya, sun lulluɓe shi da rigar ruwa, helmansu Yeom, wato shugaban ayarinsu, yana gaba.

A lokacin majalisa ba ta daɗe da gyara dokar diyya ba. 'Yan aikin kwangila irin su Deok-su, waɗanda a da sai dai su koma gida su yi jinyar kansu, yanzu suna da haƙƙin magani da albashin jinya har su warke. Sharaɗin ɗaya ne: a rubuta cewa a bakin aiki aka ji ciwon.

Yeom ya rage murya ya ce, "Inna, ki rubuta a banɗakin gidansa ya zame. Saura kwana uku fa. Ni zan kai shi asibiti da aljihuna."

Ta ce, "Banɗakin gidansu da hular walda ake shiga?"

Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne da Deok-su kansa ya sa baki, gumi na zuba. "Don Allah, Inna, ki yi yadda ya ce. Mutum dubu biyu suna jiran ranar nan. Da wane ido zan kalle su in ni na ɓata?"

Ta ce, "Aljihun Yeom wata ɗaya zai yi ya gaji. Kafaɗar nan kuwa da kai za ta tsufa. Riƙe bakinka, Yaya, ba kai ke riƙe da biro ba."

Ta rubuta abin da ta gani, ta sa hannu. Daga nan ta ari tsani wurin maigadi, ta hau da kanta tsakar rana, mutane na fitowa cin abinci, ta cire lambobin ɗaya bayan ɗaya ta maƙala sifili. Ta yi haka ne don a ga fuskarta, a manta da ta Deok-su. Aka kuwa manta. Wata huɗu cur tana cin shinkafarta ita kaɗai a ɗakin cin abinci, kujerun gefenta babu kowa. Ba ta taɓa cewa abin bai dame ta ba. Ya dame ta ƙwarai, ta dai cinye.

Ke ce kika ɗauke wa mutum kunyarsa kika ɗora a kanki, Inna Pyo. Ke ce kika gane doka ba ta tashi daga takarda da ƙafarta, sai wani ya yarda a ji haushinsa. Uwar masu rauni, mai faɗa da cikawa!

Sau biyu aka yi wa Deok-su aiki a kafaɗar, ya shekara guda da rabi yana jinya, tukunyar gidansa ba ta daina tafasa ba. Walda dai ta fi ƙarfinsa, amma an koya masa duba ingancin aiki, kuma a nan yake har yau. Bayansa sai masu ciwo suka fara shigowa ta ƙofar gaba. Shi kansa Yeom, da ƙugunsa ya riƙe bara, da ƙafarsa ya zo ya ce a rubuta.

A liyafar sallamarta ranar Juma'a, Deok-su ya miƙe, ya ɗaga hannun dama a hankali har ya wuce kansa. Ita kuwa ta ce, "Sauke, tsoho, kada ka jawo mini aiki ina shirin tafiya." Ta juya tana share ido da gefen riga.

Mun gode, Inna Pyo. Ki huta lafiya, kin yi abin da ya kamata. Ku kuma da za ku gaji kujerarta, a nan ko a wata ma'aikatar, wata rana za a shigo muku da mutum yana roƙonku da bakinsa ku cuce shi. Kada ku yarda.