Ranar da Goggo Sennang Ta Sa Aka Ɗauko Mata Inuwa

Goggo Sennang yayar mahaifina ce. Tun ina ƙarama sana'arta ɗaya: ta kwaɓa ayaba da ƙwai da madarar kwakwa, ta naɗe a ganye, ta turara, ta kai kasuwar Barru a bayan babur ɗin duk wanda ta samu. Mijinta masunci ne. Ya rasu 'yarsu Tenri tana firamare, ya bar musu gidan katako irin namu mai dogayen ƙafafu, can bakin gonakin shinkafa. A ƙarƙashin gidan take aikinta, a nan take karɓar baƙi, a nan kajinta ke kiwo. Ban taɓa jin ta ce wa mutum a'a ba. In magana ba ta kwanta mata ba, sai ta ce, "To, za a duba," ta ci gaba da naɗe ganyenta.

Tenri ta tafi Taiwan aikin jinyar wani tsoho. Ta gama kwantiragi ɗaya ta sabunta, duk don ta gina wa uwarta gidan bulo a filinsu na bakin titi. Ta waya ta zaɓi komai: farin tayil, ginshiƙai biyu masu ruwan zinare, da wani ƙaton gilashi a falo wanda ba ya buɗuwa. Gilashin yana kallon titi, bayan titin teku ne, wato daidai inda rana ke faɗuwa. Ana gama ginin ni ma na gama jami'a a Makassar ina zaman jiran aiki, sai Baba ya ce in je in taya Goggo zama.

Da safe gidan yana da daɗi. Daga azahar ne yake juyewa. Rana ta sauko ta dafa gilashin, bango ya ɗauki zafi ya riƙe, har bayan magariba in ka jingina da shi sai ka matsa. Tenri ta san da haka, shi ya sa ta sa iyakwandishan a falo. Shi kuwa ci gare shi. Mitarmu irin ta kati ce, a manne a bangon waje, kuma in wutar da aka saya ta kusa ƙarewa sai ta fara kuka, tit, tit, tit, ba ta fasawa sai an ciyar da ita.

A tsallaken titi akwai Daeng Marola, dattijo mai sayar da fetur a kwalabe, wanda suka yi makarantar allo tare da Goggo. Shi ne ya fara raɗa wa mitar suna.

"Sennang, tsuntsunki ya sake jin yunwa," yakan ce daga rumfarsa. "Ko in miƙo masa tsaki?"

"Ka fara ba cikinka, Daeng. Jiya na gan ka kana lasar ganyen da na yar."

Tana dariya, amma da ta shigo sai fuskarta ta sauya. Ba kuɗin ne kaɗai ke damunta ba. Duk mai wucewa yana jin kukan nan, kuma ta san abin da ake faɗa a bakin rijiya: yarinya ta gina wa uwarta fada, ta kasa haska mata ita.

Sai ta shiga yaƙi da gidan a ɓoye. Ta cire tukunyar lantarki ta shinkafa, wadda ke wuni tana ɗumama tuwon da ba mai ci, ta koma dafawa a gas. Firijin da ba komai a cikinsa sai ruwa da maganin ciwon gwiwa, ta kashe shi, ta mai da shi ma'ajiyar faranti. Ta daina kunna injin jan ruwa sai sau ɗaya da safe. Wata rana na same ta a kan kujera tana ɗaure wa mitar tsohon matashin kai da igiya, don kukan ya ragu. Duk wannan ya ɗan taimaka, amma iyakwandishan ne babban maciyi, kuma in an kashe shi ba mai iya zaman falon. Da la'asar sai ta ɗauki kwandonta ta ce za ta duba kaji. Na bi ta sau ɗaya. Na tarar da ita kwance a gadon gora a ƙarƙashin tsohon gida, iskar gona tana kaɗa bakin zaninta, tana barci kamar wadda ta biya bashi.

Tenri tana kiran bidiyo duk Lahadi, ni nake riƙe wa Goggo wayar. Ran nan suna cikin hira mitar ta fara, matashin bai hana ba.

"Inna, mene ne wannan? Wutar ce ta sake ƙarewa?"

"Ta maƙwabta ce."

"Inna, maƙwabcinki ɗaya, kuma ba shi da mita." Tenri ta gyara ɗankwalinta. Idanunta duk sun faɗa. "Ki saurare ni. Akwai wani mutumin Parepare da ke sayen tsofaffin gidajen katako. Ki sayar masa da namu, a sa miki wani iyakwandishan a ɗakin kwana. Wutar kuma ki bar mini. 'Ya'yan tsohon nan suna roƙona in ƙara shekara uku. Zan sa hannu, ba komai."

"To, za a duba," in ji Goggo.

Da aka kashe wayar Goggo ta zauna tana kallon gilashin. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ta tafi don ta gina gida. Yanzu za ta zauna don ta ciyar da shi. Ni kuma yaushe zan gan ta?"

Na tashi na ɗora ruwan shayi.

Kwanaki ta yi tana fita da la'asar, ba wajen kaji ba. Takan tsaya a farfajiyar gaban gida, tsakanin gilashi da titi, ta ɗaga kai ta dubi rana, ta taka ƙasa tana aunawa da ƙafa. Sannan ta aika a kira mata Baba.

"Ba sayar da tsohon gidan zan yi ba," ta ce masa. "Ɗauko shi za a yi. A ajiye mini shi nan."

Baba ya dubi inda take nunawa. "Yaya, nan fa gaban gida ne. Zai rufe ginshiƙan, zai rufe gilashin. Mai wucewa ba zai ga komai ba sai tsohon katako. Shekarun yarinyar nan ne fa a jikin bangon nan."

"Na sani. Ina so sauran shekarun su zo gida."

"Kin gaya mata?"

"Za a duba."

A wurinmu gida ba ya mutuwa a inda aka haife shi. In mai shi zai ƙaura, liman yakan yi shela bayan sallar Juma'a, maza su fito daga masallaci kai tsaye su je su ɗauke shi. Haka aka yi. Tun Laraba aka ɗaɗɗaure dogayen gorori a tsakanin ƙafafun gidan, a tsaye da a kwance. Muka kwashe duk abin da zai fashe, aka ɗaure kabad a jikin bango. Mata suka kwana biyu suna girki, Goggo kuma ta turara kayan ayabarta tuli guda, don masu ɗauka su fara da zaƙi.

Da mutane suka taru, sai ta miƙo mini wayar. "Kira ta. Gara ta gani da idonta, kada ta ji a bakin wani."

Tenri ta ɗauka a ɗakin wanki, tana raɗa. Na juya mata wayar. Maza sun shiga ƙarƙashin gidan sun cika shi, kowa ya sa kafaɗa a gora, zannuwansu a naɗe zuwa gwiwa. Daeng Marola, wanda ya ce bayansa ba zai ɗauki ko kaza ba, shi aka ba jagora. Ya hau kan wani kututture da sanda a hannu yana ba da umarni.

"Na hagu, ku daina leƙen tukunyar miya. Kai Baharu, gidan za ka ɗauka, ba shi zai ɗauke ka ba. Bismillahi, ɗaya, biyu."

Gidan ya yi ƙara, ya girgiza, ya tashi. Ya bi gefen gona yana tangaɗi, a huta, a sake ɗagawa, yara suna gudu a gaba suna janye igiyoyin shanya.

"An sayar ke nan?" in ji Tenri. "Ina za su kai shi?"

Na ci gaba da bin su da wayar har suka hau titi, suka karya kwana, suka shiga farfajiyar. Ta ga ginshiƙanta suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Aka sauke ƙafafun a kan duwatsun da aka jera. Inuwar gidan ta faɗa a kan gilashin gaba ɗaya, har ta hau rufin kwano.

"Ba ni Inna," ta ce.

Goggo ta goge hannu a zani ta karɓa.

"Inna, kin ɓoye mini gida."

"Na sa masa hula ne. Rana tana cin sa."

"Kin san nawa na..." Ba ta ƙarasa ba.

"Na sani, 'yata. Kada ki sa hannun nan. Ki ba ni wata biyu ki gani."

Tenri ta kashe wayar. Lahadi biyu ba ta kira ba, Goggo kuma takan ajiye wayar kusa da kwandon ganye tana aiki.

Falon ya huce. Ba sanyi irin na iyakwandishan ba, amma fanka ta wadatar, bangon kuma ya daina riƙe zafi. Da rana Goggo tana aiki a ƙarƙashin tsohon gida, yanzu a bakin titi, har masu wucewa suna tsayawa sayen kayanta ba sai ta je kasuwa ba. Kwana kuwa a sabon gida take yi, ta ce kada a ce ta ƙi kyautar 'yarta. Mitar takan yi makonni ba ta yi kuka ba. Daeng Marola ya ce tsuntsun ya shiga azumi.

Tenri ba ta sa hannu ba. Ta dawo bayan girbin shinkafa, da manyan akwatuna biyu. Motar ta sauke ta a bakin titi, ta tsaya tana neman gidanta, sai da ta sunkuya ta hango ƙasan ginshiƙan ta tsakanin ƙafafun katako. Ta zagaya ta shafa su, ta shiga falon ta fito. Har yau takan ce an cuce ta, ko hoto ba ta samu ta ɗauka a gabansu ba, kuma ina jin ba duka wasa ba ne.

Amma ranar, da aka yi la'asar, ta cire takalmi ta kwanta a gadon gora kusa da uwarta. Goggo tana naɗe ganye, ba ta dube ta ba.

"Inna, gobe a kunna firijin nan. Ba kabad na saya ba."

"To," in ji Goggo, "za a duba."